Histogiram ɗin kalkuleta ya fi na hannu gaskiya?

Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Jiya na zuba makin yara 32 a kalkuleta TI-84 ɗin da yayana ya ba ni, na fitar da histogiram, wato zanen sanduna mai nuna yawan yara a kowane rukunin maki, sai ya ƙi yin kama da wanda Malama ta zana a allo da makin nan dai. Nata tudu ɗaya ne a tsakiya, nawa tudu biyu. Ni ina ganin na kalkuleta ne daidai, tunda inji ba ya kuskuren ƙirga.

Malama: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bayan ka zuba makin a L1, wato jerin farko na kalkuleta, me ka danna?

Ɗalibi: 2nd da Y=, na kunna Plot1, na zaɓi hoton sanduna, sai ZOOM 9.

Malama: To nan gizo ke saƙar. ZOOM 9 ce ta zaɓar maka faɗin sanda, kuma galibi lamba ce mai ɗigo wadda ba mai hankalin da zai raba maki da ita. Ni goma-goma na raba: 30 zuwa 39, 40 zuwa 49, haka har sama. Shiga WINDOW ka sa Xmin (mafarin sanduna) 29.5, Xscl (faɗin sanda) 10, ka danna GRAPH. Kada ka koma ZOOM 9, za ta goge abin da ka sa.

Malam Babba: Abin da nake faɗa kenan shekara da shekaru. Yaro ya danna maɓalli uku, hoto ya fito, ya ɗauka ya iya. A WAEC takardar giraf da rula za a ba shi, a ce ya nemo iyakokin rukuni, ya zana, ya ja layuka biyu a kan sanda mafi tsawo ya kimanta makin da aka fi samu. Wannan na'urar ba ta da wuri a ajin sakandare, wallahi.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Zanen hannu ɗaya yana cin rabin darasi, shi ya sa yaro ke tashi da tunanin cewa kowane jerin maki siffa ɗaya gare shi. Da kalkuleta zai gwada faɗin 5, ya gwada 10, ya gwada 20 cikin minti biyu, ya ga da idonsa yadda tudu ke ɓullowa yana ɓacewa. Ai wannan shi ne darasin.

Malam Babba: Ɗana, in faɗin rukuni bai zo ɗaya ba fa? Ka ce 0 zuwa 10 mutum 6 ne, 10 zuwa 30 mutum 8. Tsawon sanda sai ka raba yawa da faɗi: ta farko 0.6, ta biyu 0.4. Ta biyun ce gajera duk da ta fi mutane, don girman filin sanda ake karantawa. TI-84 faɗi ɗaya take ba duk sanduna. Nan ne bambancin histogiram da jadawalin sanduna na firamare, kuma ita ba za ta nuna masa ba.

Injiniya: Wannan na yarda, ba ta yi.

Malama: Ku ƙara da wannan: makin da ya faɗi daidai kan iyaka, sandar dama take jefa shi. In ka fara daga 30 da faɗin 10, mai 50 yana rukunin 50 zuwa ƙasa da 60. TRACE tana nuna iyakokin da yawan kowace sanda. Kuma ba ta zana sanda fiye da 47.

Ɗalibi: Malama na gwada, tudu ɗaya ya fito kamar naki. Amma da na sa Xscl 5 tudu biyun sun dawo, da kwari a wajen 55. Wanne zan gaskata?

Malama: Tsaya. Makin nan na aji ɗaya ne?

Ɗalibi: A'a, an haɗa ajin kimiyya da na kasuwanci.

Injiniya: Allahu akbar! Malam, ka ga abin da goma-goma ta ɓoye.

Malam Babba: Na gani. Amma yara 32 sun yi kaɗan a yanke hukunci da faɗin 5, mutum biyu su sauya sanda sai kwarin ya cike. Ɗana, raba su: kimiyya a L1, kasuwanci a L2. Ka zana kowanne da hannu tukuna, sannan ka duba a injinka, ka kawo min gobe bayan la'asar.