Baba baya ganin ɓangaren hagu tun da jikinsa ya shanye, don Allah a ba ni shawara

Maman Ilham: Salam ƴan uwa, wallahi kaina ya kulle. Babanmu ne hawan jini ya buge shi, ɓarin hagu ya shanye. Mu bakwai ya haifa amma ni da nake aure a Tudun Wada ni ce kullum a gidan, yayanmu na Kaduna sai dai ya turo kuɗi ya bi da faɗa a waya, matar yayan ko leƙe, ƙannen kuma kowa da uzurinsa. Alhamdulillah da gashin ƙashi ƙafa ta dawo har yana takawa. Amma in na ajiye masa tuwo sai ya cinye rabin dama ya ce ya ƙare, na hagu ko taɓawa bai yi ba, kafaɗarsa duk tabon buge ƙofa. Likitan ido ya ce idon lafiya lau. Mai gashin ta ce mu nemi okupeshinal terapi, meye shi kuma?

Hajiya Babba: Allah ya ba shi lafiya. Ki haɗa da rubutu da man habbatussauda ƴata.

Abu Hanif: Hakiya ce ta tsufa, ku kai shi asibitin ido na Kaduna a kankare.

Sista Samaru: Ba hakiya ba ce Malam, an ce an duba ido. Matsalar a ƙwaƙwalwa take, ɓangaren dama ne ya taɓu, shi ke kula da ganin hagu na idanun duka biyu. Wani rabin ganin ne ya tafi, wani kuma ƙwaƙwalwar ce ta yi watsi da hagun gaba ɗaya har bai san akwai matsala ba. Mai gashi ƙarfin gaɓoɓi yake dawowa da shi, okupeshinal kuma koya wa mutum harkokin yau da kullum yake, cin abinci, alwala, sa riga, karatu. Za su horar da shi ya riƙa juya kai hagu yana lalube da ido, su ja jan layi a gefen hagu na takarda kada ya tsaya sai ya gan shi. Ki tambaya a sashen gashi na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, su nuna miki hanya, kuma kar ki yi sanya, an fi samun sauƙi a watanni 3 zuwa 6 na farko. Yaushe abin ya faru? Yana shan maganin hawan jinin?

Ummu Sadiq: Hmm ni da surukata haka na sha fama shekara biyu, ƴaƴanta ko sannu, da ta rasu aka ce ni na ƙi kula da ita.

Maman Ilham: Sista na gode. Ni juya masa kwanon kawai nake yi, kuma na maida gadonsa yadda kowa zai shigo ta damansa don ya huta.

Sista Samaru: Ai nan ne matsalar, kin hana shi neman hagun. Ku riƙa zama ta hagunsa kuna masa magana. Karatun Alƙur'ani fa, daga dama zuwa hagu ake binsa, baya yanke aya a tsakiya?

Maman Ilham: Yana yi, har ya yi kuka rannan. Amma Sista ba ki san Baba ba, in na zauna ta hagu tsorata yake ya yi fushi, ni kuma ba zan iya ganin dattijo yana laluben abinci a gabana ba. Mashin ma zuwa masallacin unguwa kawai ya fara hawa.

Sista Samaru: Mashin?! Ki karɓe makullin yau ɗin nan, yaro zai fito ta hagu bai gan shi ba.

Abu Hanif: Kar ku karya wa tsoho zuciya. Ni dai a gwada gilashi tukuna.

Maman Ilham: Makullin ba hurumina ba ne, sai Yaya ya zo Juma'a. Shin nawa ake biyan masu okupeshinal ɗin, kuma suna zuwa gida?