Bayan ganawar neman aiki: a tura godiya ko a yi shiru?

Ƴar Ali Ɗan Sofo: Salamu alaikum ƴan'uwa. Jiya Laraba na yi ganawa da wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa, suna neman mai riƙe musu lissafi. Mutum uku suka sa ni gaba, kusan minti arba'in. Ƙawata da muka gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tare ta ce in tura musu saƙon godiya. Inna kuma ta ce saƙo raini ne, in bari kawuna ya je gidan shugaban ya gaishe shi. Kaina ya ɗaure. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni labarin yadda ya yi.

Ɗan Bagalam: Ƙanwata, ki bi maganar Inna a komai, amma ban da wannan. Ni na gwada. Na nemi aikin mai tsaron sito a wani kamfani, ganawa ta yi kyau har muna dariya. Washegari na sayi zabbi biyu, na ɗaure su a bayan kabu-kabu, na nemi gidan mutumin da ya yi mini ganawar bayan magariba. Ya fito zaure, muka gaisa, ya dubi zabbin nan suna fuffuka, ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce, "Ɗana, ka san yanzu ko kai ka zo na ɗaya ba ni da bakin da zan ce a ɗauke ka? Maƙwabta sun ga shigowarka." Haka na juyo da kayana. A gidanmu aka yi farfesunsu, ni kuwa ko romo ban iya sha ba.

Mushe daga Madarunfa: Idan gasar shiga aikin gwamnati ce ma babu wanda za ka gode wa. Ka kai dosiye, ka zauna jarrabawa, ka jira a kafe sunaye. Allah kaɗai ake yi wa godiya a nan.

Hajiya ta unguwar Zariya: Ƴata, na sha zama cikin masu yi wa ƴan takara tambayoyi, bari in faɗa miki abin da ke faruwa bayan kin rufo ƙofa. A inda na yi aiki, kowane ɗayanmu yana da takardar maki a gabansa. Kafin a kira na gaba mun cike ta, da yamma a haɗa, kowa ya sa hannu. Saboda haka saƙonki ba zai ƙara miki maki ko ɗaya ba, kada wani ya ruɗe ki. Amfaninsa yana zuwa ne daga baya. Wanda ya zo na ɗaya yakan samu wani aikin a Yamai ya tafi, ko a buƙaci mutum na wata uku a Dakwaro ko Tasawa cikin gaggawa. A lokacin sunan da ya zauna a kai shi ake fara kira. Akwai yarinyar da ta rubuto mana layi huɗu kacal, ta ambaci wata tambaya da ta kasa amsawa kan rahoton kuɗi, ta ce ta koma ta duba, ga amsar. Ba mu ɗauke ta a karon ba, amma har yau ina tuna sunanta.

Abin da ke ɓata mini rai kuwa, saƙon murya a WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare, minti biyar ana jero mini kirari. Farkon abin da zan tambayi kaina, wa ya ba shi lambata? Sai masu bugowa su katse don ni in kira su. Ta hanyar da aka gayyace ki, ta nan za ki mayar da godiya. In imel ne, ki amsa a kan wannan imel ɗin, yau ko gobe da safe, tunda Juma'a ana tashi da wuri. Kuma ki duba yadda mutum yake rubuta sunansa kafin ki tura.

Yaron Alhaji, babbar kasuwa: Hajiya, da girmanki, wannan na masu ofis ne. Mu nan wurin alhazai in ka yi shiru an gama da kai. Da maigidana ya gwada ni kan lissafin buhuna da canjin naira da sefa, ce mini ya yi in je zai neme ni. Wanda ya tsaya mini ya ce gobe da sassafe mu koma tare. Muka durƙusa, na ce, "Alhaji, na gode da lokacin da aka ba ni, Allah ya ƙara buɗi." Ban tambayi komai ba, ban kai komai ba. Ya ce in ɗauko tsintsiya in share gaban shago. Shekara shida ke nan.

Hajiya ta unguwar Zariya: Gaskiyarka ɗana. Amma ka lura shago ka je, ba gida ba, kuma hannu sake.

Ɗan Tibiri: Ni inda na tura godiya ba su ɗauke ni ba, inda ban tura ba suka ɗauke ni. Rabo ne kawai. Tambayata ɗaya, da wane harshe ake rubutawa? Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi na aiki.

Hajiya ta unguwar Zariya: Harshen da aka yi ganawar da shi. In da Faransanci aka yi, ka rubuta da shi, ka ba wani ya duba maka kurakurai.

Ƴar Ali Ɗan Sofo: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura ɗazu bayan la'asar: na gode musu, na ambaci maganar da muka yi kan biyan ma'aikatan karkara, na ce ina nan a shirye. Layi huɗu, Hajiya. Yanzu saura kawu, don ashe Inna ta riga ta aika masa tun safe, har ya ba da babbar rigarsa guga.