Ƙanina yana da kai, amma duk abin da aka faɗa masa sai ya hau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Jega nake, kan ƙanina nake neman shawara. Tun firamare shi ke zuwa na ɗaya, yanzu yana karatun injiniya a jami'ar Aliero. Lissafin da zan danna a waya, kafin in gama ya ba da amsa da ka. Amma bara ya kwashi kuɗin shinkafar rani da muka noma, naira dubu 300, ya zuba wa wasu mutanen intanet da suka ce kuɗi zai riƙa ninkawa duk wata. A wata na uku shafin ya ɓace. Yanzu kuma saƙon murya yake turo mana, wai wata saiwa na warkar da ciwon suga, yana so Baba ya bar maganin asibiti. In na yi magana sai ya rufe ni da hujjoji, ban kai shi baki ba. Don Allah yaya zan yi?

Malamin sakandare, Argungu: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na daɗe a aji, na ga irinsa da yawa. Saurin fahimta daban, tsayawa a auna magana daban. Mai kaifin ƙwaƙwalwa in ransa ya so abu, ƙwaƙwalwar ce ke zama lauyansa, ta ƙera masa hujjar da wani ba zai iya ba. A 2014, lokacin Ebola, har masu digiri sun tashi da asuba sun yi wanka da ruwan gishiri saboda saƙon waya. MMM ma, harkar zuba kuɗi ta damfara a intanet da ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, ba jahilai kaɗai ta ci ba. Tunda lissafi ne fagensa, ba shi takarda: dubu 100 in tana ninkawa duk wata, cikin shekara ta haura miliyan 400. Wace sana'a ce ke haifar da haka? Ki bar shi ya amsa wa kansa.

Mai sayar da albasa, Aliero: Hajiya, mahaifiyata ba ta shiga aji ba, amma ba ta taɓa sayen buhun albasa don kyan na sama ba. Sai ta cusa hannu har ƙasa, ta ciro, ta matsa, ta shinshina. Wannan ɗabi'ar ce yaronku bai samu ba, kuma ana koyonta.

Ɗalibin ilimi, Gwandu: Ki tuna masa aya ta 6 a Suratul Hujurat, inda aka umarce mu da bincika labari kafin aiki da shi. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi wa ya faɗa, daga wa ya ji. Mai saƙon muryar nan, waye shi? Ina ya yi karatu?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi: Maganar Baba ta fi gaggawa. Kada ya daina shan magani. Suga in ta hau, ido da ƙoda da ƙafa take ci a hankali, mutum bai ji ba. Ku je asibiti da yaron, ya yi wa likita tambayoyinsa baki da baki. Kuma kada ki kunyata shi gaban mutane, zai ƙara kafewa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin Baba zai koma awon suga, na ce wa ƙanin nawa shi zai kai shi, ya amsa.