Muhawara: Wai Abu Ali ɗan Bauchi ne?

Baban Khalifa: Wallahi abin ya bani haushi, 4 ga Nuwamba ta zo ta wuce babu wanda ya tuna Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a zauren nan, amma a ce ɗan siyasa ne ya yi bikin ɗiya sai hotuna sun cinye mana data. Mutumin da ya jagoranci tankokin yaƙi aka ƙwato Baga a 2015, 'yan Boko Haram suka kashe shi a Malam Fatori ran 4 ga Nuwamba 2016, ya bar mata da ƙananan yara. Ɗan Bauchi guda amma mun yi shiru.

Na Wunti: Allah ya jiƙansa. Amma yaya, ɗan Bauchi kuma? Ɗan Kogi ne fa, mahaifinsa ya riƙe sarautar Etsu, wato sarkin Bassa-Nge.

Baban Khalifa: To mahaifin nasa ba shi ya yi gwamnan soja a nan daga 1990 zuwa 1992 ba?

Na Wunti: Aiki ne ya kawo shi, turo shi aka yi. In haka ne duk sojan da ya kwana a barikin Shadawanka ya zama ɗan gari kenan.

Ɗan Tudun Wada: Ku dakata, lokacin Gombe na cikin jihar Bauchi, sai 1996 aka raba mu, don haka in rabon gado ake muma da kasonmu. Wanda ya karɓi mulki a hannun baban ma Dahiru Deba ne, namu.

Na Wunti: Kun fara ko? Ku mutanen Gombe komai sai kun ce naku ne, saura ku ce Yankari ma taku ce.

Ɗan Tudun Wada: Riƙe Yankarinku, mu dam ɗin Dadin Kowa ya ishe mu.

Maman Ummi: Haba ƙannena, ana maganar mamaci da marayu kuna maganar dam. Ni matar nake tunawa, yana daji wata da watanni ita ke riƙe da gida, waya kawai take jira, rannan kuma wayar ta zo da labarin da ba a so. Matan sojoji na ganin rayuwa wallahi.

Malam na Jahun: Gaskiya ne Hajiya. Gyara ɗaya dai, naga wasu na rubuta Janar, shi Manjo ne aka yi masa ƙarin girma na musamman zuwa Laftanar Kanar a 2015 saboda jarumtarsa, Buratai, shugaban sojin ƙasa na lokacin, da kansa ya maƙala masa. Baban ne ya kai Birgediya.

Ɗan Tudun Wada: Malam wa ya ce Janar a nan? Nuna min.

Malam na Jahun: A wani zauren na gani.

Na Wunti: To a kai gyaran can mana.

Baban Khalifa: Ni dai tunda ni na buɗe maganar bari in rufe. Kowa ya yarda jarumi ne, abokan aikinsa Sarkin Yaƙi suke kiransa, kuma a maƙabartar sojoji ta Abuja aka binne shi ba Kogi ba, wannan kaɗai ya rushe hujjar Na Wunti. Yawancin mu mun tafi a kan ɗan Bauchi ne, 'yan Gombe kuma sun janye.

Ɗan Tudun Wada: Yaushe muka janye??

Na Wunti: Wane yawanci yaya, kai kaɗai ne fa ka faɗa.