Tankin mai yana tsagewa a gindin ƙafa: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai gyaran injuna:
Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa. Wata matsala ce ta hana ni sakat. Akwai injin matse ƙarfe da nake kula da shi, tankin man hadirolik ɗinsa yana cin lita 200. An yi masa ƙafafu huɗu na angul, wato ƙarfe mai kusurwa, an liƙa su da walda a jikin tankin kai tsaye, sannan an ɗaure su a kan firam ɗin da moto da famfo suke zaune. Sau uku ke nan cikin shekara ɗaya yana tsagewa, kuma duk a wuri guda, daidai bakin waldar ƙafar da ke kusa da famfo. Ba zuba yake yi sosai ba. Da safe dai in ka shafa yatsa za ka ji danshin mai, ƙura ta manne ta yi baƙi kamar an ja layi da gawayi. Mu zuƙe mai, mu wanke, mu sake walda, bayan wata uku ya dawo. Duk wanda ya taɓa fama da irin wannan, a kowane irin tanki, don Allah ya ba mu labari.

Tsohon mai walda:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ƙara kai wuta wurin nan. Waldarka ba ta da laifi, ƙarfen ne ya gaji. Ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, ai ka san ƙarshenta. Haka girgizar famfo take yi wa jikin tankinka, sau dubbai a kowace awa. Ƙafar angul mai kauri ce, ba ta motsi, jikin tanki kuwa siriri ne, shi ke shan lanƙwasar, kuma bakin walda ne inda mai kauri da siriri suka haɗu. Duk waldar da ka ƙara, ƙara taurin wurin kake yi, tsagar ta matsa gaba kaɗan ta sake fitowa.

Abin da nake yi shi ne in fara liƙa farantin ƙarfe mai faɗi a jikin tankin, in zagaye kusurwoyinsa don kada a bar tsini, sannan ƙafa ta hau kan farantin. Nauyi ya bazu ke nan. Wanda ya fi ma, a yi wa tankin gado ya zauna a kai, a ɗaure shi da ɗamara.

Sannan ina roƙonku, yara, tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko gas, kada ku ce ai babu komai a ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa. Na ga murfin duro ya tashi ya huda rufin kwano a gaban idona, wanda ke riƙe da wutar har yau kunnensa ɗaya ba ya ji.

Injiniya:
Baba ya gama magana a kan tsagar. Ni tambayata ga Malam mai gyaran injuna: me ya haɗa famfon da tankin, bututun ƙarfe ko tiyo? In bututu ne, to ta nan ma girgizar take bi. Sa guntun tiyo a tsakani, ka ɗora moto da famfo a kan takalman roba. Man da ke ciki kaɗai ya kai kilo 170 da ɗoriya, ba ƙaramin kaya ba ne a kan ƙafa huɗu masu rawa.

Nawa labarin na zafi ne. Mun taɓa girka dogon tanki na kwance, mita 10, wanda ruwan zafi ke shiga. An ɗora shi a kan sirdi biyu, wato mazaunai masu lanƙwasa da ke rungumar ƙasan tanki, kamar yadda aka saba, amma masu aikin suka ɗaure duka biyun tamau, don a ganinsu hakan ne ƙwari. Ƙarfe yana miƙewa kusan milimita 0.012 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 1. A mita 10, ƙarin digiri 50 zai ba ka milimita 6. A ido ba komai ba ne, amma ba a yi wata biyu ba kankaren da ke gindin sirdi ɗaya ya dare, ƙusa ɗaya ta karkace. Ashe masu ƙera tankin sun riga sun yi wa sirdin ramuka masu tsawo, don ya riƙa zamewa gaba da baya, mu ne muka danne shi. Sirdi ɗaya ake kafewa, ɗayan a bar masa hanya.

Kuma kada a yi sha'awar ƙara sirdi na uku. In ƙasa ta ɗan lotsa, na tsakiya ko dai ya kwashe nauyin duka ko ya rataya a banza. Lissafin ɗora tanki a kan sirdi da ake bi har yanzu na wani injiniya ne mai suna Zick, ya fitar da shi a 1951, kuma ana so sirdi ya rungumi aƙalla digiri 120 na zagayen tankin, wato kashi ɗaya cikin uku.

Direban tanka:
Ni ba injiniya ba ne, amma na san motsin ruwa a bayana. Tanki cike bai kai rabin tanki haɗari ba. Ka taka birki, motar ta tsaya, sai ka ji ruwan ya zo ya bugi gaba, ta ƙara zabura. A kwana kuwa gefe yake kwantawa. Shi ya sa ake sa katangu masu huda a ciki. Duk injin da ke tafiya da tanki a jikinsa, a duba wannan.

Mai kula da ma'ajiyar sinadarai:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tankin roba ne ya koya mini darasi. Tanki mai lita 5,000 aka ɗora mana a kan angul guda huɗu da aka jera, tsakaninsu fili. Ruwa lita 1,000 tan ɗaya ne, tan 5 ke nan, mu kuma abin da muke zubawa ruwan soda ne mai kauri, wanda ya fi ruwa nauyi da kusan rabi. Wata rana na durƙusa na leƙa ƙarƙashi da tocila, sai na ga gindin ya zazzago tsakanin ƙarafan kamar cikin buhu, robar ta yi fari-fari a inda angul ya tokare ta. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin abin da ke ciki yana cin fata. A ranar muka kwashe.

Tankin roba gindinsa gaba ɗaya yake so ya zauna a shimfiɗe, a kan daɓe mai santsi, ko tsakuwa ɗaya kada a bari. In ya cika yana ɗan buɗewa, don haka bututun da ke fita daga gindinsa ma a sa masa tiyo, kuma a tallafi bawul da nasa mazaunin, kada wuyan tanki ya ɗauke shi. Mun kuma gina katangar tare malala wadda za ta iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da babban tankin ke ci.

Bakaniken manyan motoci:
Baba, a gafarce ni, ina da ɗan ƙari a kan ɗamara. Tana da nata ciwon. Na kwance tankin man gas, wato dizal, na alminiyon wanda daga waje yake ƙyalli, amma da na ɗaga ɗamarar sai ga farin gari da ƙananan ramuka a jere, ɗaya har allura tana shiga. Robar da ke tsakani ta cinye, ƙarfe ya haɗu da alminiyon, danshi ya kwanta, alminiyon ɗin ya yi ta ruɓewa a ɓoye. An taɓa kawo mini wanda aka shimfiɗa wa tsumma maimakon roba, wannan ya fi muni, don tsumma riƙe ruwa yake. Roba marar shan ruwa, wadda mai ba ya narkarwa, ita ake sawa, kuma a riƙa sassautawa ana dubawa.

Tsohon mai walda:
Gaskiyarka, ɗana. Na yarda.

Mai gyaran injuna:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya, bututun ƙarfe ne kuwa, kuma da na kwance shi sai ya yi tsalle ya kauce daga bakin famfo da kusan faɗin yatsa, ashe da ƙarfi aka jawo shi aka ɗaura tun farko. Mun yanke ƙafafun, mun toshe tsagar da faranti, mun yi gado daban wanda bai taɓa firam ɗin moto ba, ɗamara biyu da roba a ƙarƙashi, tiyo a hanyar shiga da ta dawowa. Da na ɗora tafin hannu a jikin tankin injin yana aiki, ɗumi kawai na ji, babu wannan zirrin da ke sa hannu ƙaiƙayi. Na goge wurin tas, na shafa alli a wurin tsohuwar tsagar don ko ɗigo ɗaya ya fito in gani. Yau sati shida, allin fari ne.