Aholote 18 Sun Rayu a Meksiko: Sakin Na Tanki Zai Ceci Na Daji?

Auwal Mai Tarwaɗa: Salamu alaikum. Kun ga binciken da aka wallafa a 2025? Masana a Meksiko sun saki aholote 18 haifaffun tanki, da 'yar na'urar bibiya a jikinsu. Sun rayu, waɗanda aka sake kamowa ma har ƙiba suka yi. Ni dai a ganina magana ta ƙare. Akwai su birjik a gidajen mutane da ɗakunan bincike, a kwaso a zuba a tafkin Sochimilko na birnin Meksiko, mazauninsu na asali, kawai.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Wai mene ne aholote kuma?

Malam Sani: Hajiya, nau'in salamanda ne, ba mu da shi a nan. Ki ɗauka ƙadangare ne a ido, amma dangin kwaɗo ne. A ruwa yake ƙare rayuwarsa, da wasu tuntaye masu kama da gashin tsuntsu a gefen kai da yake numfashi da su. Ƙafa in ta guntule sai wata ta tsiro. Hotonsa ne a takardar peso 50, kuɗin Meksiko.

Auwal, ka yi gaggawa. A 1998 an ƙiyasta kusan 6,000 a kowace murabba'in kilomita a Sochimilko, a 2014 saura 36. Haihuwa ce ta gagare su? Ruwan ne ya lalace da ƙazantar birni, ga kifayen da aka zuba don ci suna wawure ƙwai da 'ya'ya. Cikinsu har da karfasa.

Auwal Mai Tarwaɗa: Karfasa dai tamu?

Malam Sani: Ita fa, daga Afirka aka kai ta. Waɗannan 18 ɗin ba sakin Allah-tsare aka yi musu ba. Wasu a tafkin da jami'ar ƙasa ta Meksiko, UNAM, ke kula da shi aka sa su, wasu a magudanar da aka gyara.

Auwal Mai Tarwaɗa: To karfasa kam na san halinta. Guda biyar suka shigo mini kududdufi cikin 'ya'yan kifin da na sayo, kafin damina ta fita na rasa inda zan sa raga.

Dakta Hauwa: Ni abin da ya fi damuna jini ne. Yawancin na ɗakin bincike jikokin guda 34 ne da aka kai Faris a 1864, auren zumunci ya yi musu yawa, daga baya kuma aka haɗa su da wani nau'in salamanda daban. Farare masu ruwan hoda da ake sayarwa a shaguna, zalɓe daga nesa zai hango su. Na daji baƙi-baƙi ne, kalar taɓo. Ban ma zo kan cutar fata da na kiwo kan ɗauko ba.

Ku dubi Sin. An yi ta sakin ƙaton salamandansu daga gonakin kiwo da sunan ceto, sai a 2018 bincike ya nuna ashe nau'i aƙalla biyar ne, an cakuɗa su.

Injiniya Bello: Dakta, kar a yi wa Auwal taron dangi. Gidan namun daji na St. Louis a Amurka ya fara samun haihuwar helbenda, wani babban salamandan kogi na yankin Ozak, a 2011, an saki dubbai a kogunan Mizuri, har an tarar da wanda aka raina a can yana gadin ƙwansa a kogi.

Dakta Hauwa: Gaskiya ne, Yaya Bello. Amma 'ya'yan kowane kogi kogin iyayensu ake mayar da su, kuma shekaru ake rainonsu sai sun yi ƙarfi.

Malam Sani: Saɓanin 2022, da wasu shugabannin gundumomin birnin Meksiko suka riƙe aholote a hannu gaban kyamara suka jefa a ruwa. Masana sun yi tir sosai.

Auwal Mai Tarwaɗa: Na ji, ban da na shago. Amma in ana jiran ruwa ya gyaru na dajin suka ƙare fa?

Malam Sani: Shi ya sa ƙungiyar Luis Zambrano, masani a jami'ar UNAM, ke aiki da manoman gonakin kan ruwa, suna toshe bakin magudana da matatar duwatsu da ciyayi don kifi ya kasa shiga.

Auwal Mai Tarwaɗa: Matatar duwatsu ta tsare 'ya'yan karfasa? Malam, turo mini hotonta in gani.