Ciko ko hular ƙarfe a haƙori: wanne ya fi sauƙin zafi ga yarinya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata shekararta 5, turminta na ƙasa ya yi kogo. Ba ya hana ta barci, sai dai in ta sha abu mai sanyi ta yamutsa fuska. Likita ya ce ko ciko ko hular ƙarfe. Kakarta kuwa cewa ta yi a ƙyale, ai famfara za ta yi. Ni zafin bayan aikin nake tsoro, don yarinyar raki gare ta. Wanne ya fi sauƙi?

Wata uwa: Wa alaikumus salam. Nawa ciko aka yi masa da allura. Haƙorin bai dame shi ba, leɓe ne matsalar. Ya yi ta cizonsa don ba ya jin komai, washegari ya kumbura suntum. In an yi allura ki tsare ta awa 2 zuwa 3 kafin ta ci abinci.

Ma'aikaciyar asibitin haƙori: 'Yar uwa, ki lallaɓa Hajiya. Turame sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa, kogon ba zai jira ba.

Idan hular da ake kira ta Hall ce, wadda aka faro a Scotland, ba allura ba gurza. Ɗora ta ake yi a manne, ƙwayoyin cutar su rasa abinci. Za ta ji haƙorin ya yi tudu na 'yan kwanaki, sannan bakin ya saba. Robar da akan saƙala tsakanin haƙora kafin nan ma takan ɗan takura. Ciko kuwa wahalarsa a kan kujera take. Bayansa ɗan tsami ne na kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma maganin shafawa, SDF, babu zafi ko kaɗan, amma wurin baƙi yake komawa.

Sai dai zurfin kogon ne ke yanke hukunci. In ya kai jijiya ko dasashi ya tara ruwa, hula kaɗai ba ta isa, sai aikin jijiya ko cirewa, kuma cirewa ya fi barin ciwo.

Wani uba: Farasitamol daidai nauyinta ya wadatar. Don Allah banda asfirin, ko sha ko dannawa a dasashi. In fuska ta kumbura da zazzaɓi, asibiti a ranar.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Gobe zan tambayi likitan ko hularsa ta Hall ce. Saura shawo kan babanta, ya ce ba ya son 'yarsa da haƙorin Makka tun yanzu.